Tunkiyar Inna da Lasisin Shekara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya a gidan Gwaggonki Rabi, kuma kin fara sabawa da hayaniyar Kano. Allah ya tsare ki a inda idonmu ba ya kaiwa, kamar yadda ya tsare ki a gabanmu. Mahaifiyarki da ƙannenki duk lafiya lau, suna gaishe ki.

Na san za ki ce me ya hana Baba ya bugo waya. Kin san halina. In na buɗe baki sai in yi ta kewaye, in faɗi abu in janye shi, har katin ya ƙare ban ce komai ba. Rubutu ya fi mini sauƙi, tunda na saba zama kullum in rubuta abin da ya faru a gona. Wannan ma sai da na yaga ta farko, don da na karanta sai na ji kamar ina yi miki faɗa, alhali ba ki yi abin faɗa ba.

Ranar da kike haɗa kaya kin yi mini tambaya, na ce ki ba ni lokaci. Bari in maimaita ta yadda na fahimta, in na kauce ki gyara mini. Kina hayar wata babbar kwamfuta da kuke kira saba, wadda ko ke ba ki taɓa ganinta da ido ba. A kanta shafukan intanet na makarantun nan uku da kika gina suke zaune, da na shagon takin zamani na Bici. A cikinta akwai manhajar da ke tarbar duk wanda ya nemi shafi ta miƙa masa. Wadda kike aiki da ita yanzu ta kyauta ce. Akwai wata ta kuɗi, ana biyan lasisinta shekara-shekara, an ce ta fi sauri, ta fi jure cunkoso, kuma in ta yi gardama akwai masu ita da za a tuntuɓa. Kina so ki sayar da tunkiyar da Inna, mahaifiyata kuma takwararki, ta bar miki, ki biya lasisin shekarar farko.

Na san abin da ya kawo maganar. Ban manta ranar da aka saki sakamakon jarrabawar ƙarshen zango ba. Ina gona Malam Sunusi, shugaban babbar makarantar cikinsu, ya kira ni. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

“Malam Habu, ’yarka ta kulle mana makaranta a cikin waya! Iyaye sun cika mini ofis, kowa ya taɓa sai abin ya yi ta juyawa kamar dutsen niƙa.”

Na yar da fartanya na taho gida da sauri. Ni a zatona sakamakon ’ya’yan mutane ne ya ɓace gaba ɗaya. Sai na tarar da ke a gindin darbejiyar bayan gida, inda sabis ya fi kamawa, kin kifa turmi kin ɗora kwamfuta a kai. Kika ɗago kika ce, “Baba, sannu da rana. Ba abin da ya ɓace, mutane ne suka yi yawa a ƙofa.” Sannan kika karɓi wayata kika gaishe da Malam Sunusi a nitse, kika ba shi haƙuri. Ba ki ɗora wa sabis laifi ba, ba ki ɗora wa iyaye ba. Kafin a kira azahar shafin ya buɗe. Ummi, ni a shekarunki da an yi mini irin wannan kira, da guduwa zan yi gidan kawuna in ɓuya har ƙura ta lafa. Ran nan na tsaya a bayanki ina kallon yatsunki, na rasa daga wajen wa kika gado wannan nutsuwa. Ba daga wajena ba ne dai.

Da yamma mahaifiyarki ta ce ki yi mata bayanin bambancin manhajojin biyu. Kika ce, “Mama, kamar masu waina biyu ne. Ɗaya sai an zo an ce a ba ni, sannan ta zuba ƙullu a tanda. Ɗaya kuwa ta riga ta soya ta tara a kwano, kowa ya zo sai miƙawa.”

Ta ce, “To ita ta kyautar, hannunta ne ya karye? Ki koya mata ta soya ta tara mana.”

Kika yi dariya har kina riƙe ciki, kika ce ana iya koya mata, sai dai aikin na neman zama da haƙuri. Na riƙe wannan amsa taki, zan dawo kanta.

Ni ban san manhaja ba. Iyakata sakandare, kuma kwamfuta ɗaya ce a makarantarmu, a lulluɓe a ofishin shugaba, mu dai mu leƙa ta taga. Amma na san sayen abin da aka ce ya fi na gida, don na saya na kuma sha. Wataƙila misalaina ba za su hau ba, tumatir daban, kwamfuta daban. Ki karanta, ki ɗauki wanda ya yi daidai, ki bar sauran.

Shekarar da kika shiga makarantar kimiyya, ina noman rani a Bagwai, na ga tumatirin Alhaji Ɗanladi. Irin kamfani ne ya shuka, wanda ake sayarwa a gwangwani. Manya, jajaye, masu tauri, a loda su a mota har Kudu ba su fashe ba. Namu na gida kuwa tun a kwando yake fara hawaye. Na kwana da abin a raina, na tashi da shi. Ban tambayi kowa ba, na ja akuyata, wadda take haifa mini biyu-biyu, na kai kasuwa, na dawo da gwangwanaye a aljihu. Inna tana zaune tana tsince wake, ta dube ni ta dubi abin da ke hannuna.

“Ɗan boko, ina akuyar?”

Na ce, “Inna, ga ta nan ta zama iri.”

Ta ce, “To. Allah ya sa gwangwanin ya iya haihuwa.”

Na yi renon irin, na dashe fangalan gonata duka da shi, ban bar ko ɗaya ga irin gida ba. Abin da ban duba ba shi ne, gonar Alhaji Ɗanladi tana bakin babbar hanyar ruwa, tawa kuwa tana can wutsiya, sai kowa ya ƙoshi ruwan yake isowa gare ni. Irin gwangwani kuma ba ya haƙuri da ƙishirwa kamar namu. Fure ya yi ta zuba. Na samu amfani, ba zan yi ƙarya ba, amma bai fi na bara da abin a zo a gani ba. Ashe ciwon gonata ruwa ne, ni kuma na sayo mata maganin iri.

Shi ya sa nake so kafin ki sayi komai ki tabbatar da abin da ya toshe ƙofar ran nan. Manhajar ce ta gaza, ko sabar ce ta yi ƙanƙanta, ko hotunan da ke shafin ne suka yi nauyi, ko ba a riga an koya wa mai wainar soyawa ta tara ba? Kada ki dubi shafin wani kamfani da ke gudu kamar iska ki ce lasisi ne ya ba shi. Wataƙila shi a bakin hanyar ruwa yake.

Kuskure na biyu ya fi wannan ban dariya, kuma har yau in na je Bagwai ana tsokanata da shi. Da rani ya sake zagayowa, ana bukatar sabon gwangwani, ni kuma babu akuyar sayarwa. Sai na yi abin da na tashi na ga ana yi tun kakanni. Dama na zaɓi manyan tumatir daga na bara, na matse, na cuɗa ƙwayar da toka, na shanya na adana. Ai haka iri yake a wajenmu, ka saye shi sau ɗaya ya zama naka da jikokinka. Na shuka. Ummi, abin da ya fito ba ya faɗuwa. Wani dogo, wani mulmulalle, wani ƙarami kamar gauta, wani ya nuna, na kusa da shi ko fure bai yi ba. Dillalin da na yi wa alkawari ya zo ya ɗaga ganyen da na rufe kwando da shi, ya ɗago ya dube ni.

“Malam Habu, wannan tumatir ne ko taron suna? Kowa da kamanninsa, ba wanda ya san wani.”

Na koma wurin mai shagon iri a fusace. Ya ɗauko gwangwani ya juya mini bayansa, ya nuna da farce. A rubuce yake cewa ba a maimaita shi. Ni da nake taƙama na iya karanta Turanci, hoton gaba kawai na kalla. A ranar na gane ban sayi iri ba, haya na ɗauka, kuma kowace shekara mai shi zai miƙo hannu, ya faɗi farashin da ya ga dama.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, na juya in koma wa irin gida sai na tarar ban ajiye ko ƙwaya ba. Ina zaune a zaure na yi tagumi, Inna ta aiko a kira ni. Ta sa na hau kan turmi na zaro wani ƙullin tsumma daga rufin madafi, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Irin tumatirinmu ne na gida, ta ɗebe shi tun shekarar da na yi watsi da shi, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce, “Ungo. Shi wannan bai iya Turanci ba, amma ya san gonar.”

Don haka ko kin sayi ta kuɗin, kada ki warware ta kyautar ki watsar. Duk yadda kuke adana tsarinku, ki adana shi a inda hannunki zai kai. Ki tambaya tun yanzu: ranar da na kasa biya, ko suka ƙara kuɗi, me zai faru da shafukan mutane? Za su tsaya cak, ko zan iya mayar da su gida cikin sauƙi? In amsar ba ta fito fili ba, ki karanta bayan gwangwanin da kyau kafin ki sa hannu.

Kin kuma ambata mini, a gurguje, cewa wani a zaurenku na waya yana ba da ta kuɗin da aka fasa makullinta ta ɓarauniyar hanya, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na ga yadda kika yamutsa fuska da kike faɗa, saboda haka na san ba sai na ja maganar ba. Na taɓa sayen gwangwani mai araha a gefen kasuwa, wanda aka buɗe ta ƙasa aka cika da wani abu aka liƙe. Ni gonata kaɗai na cuta. Ke kuwa sunayen ’ya’yan mutane da hotunansu da sakamakonsu ne a hannunki. Abin da ba ki san wanda ya buɗe shi ba, ba ki san abin da ya zuba a ciki ba, kada ya kusanci amanar nan.

Yanzu kada ki ɗauka Baba yana cewa kada a saya. Kuskurena na uku shi ne wannan, kuma shi ya fi daɗewa a jikina. Bayan abin tumatir sai na tsorata da duk abin da ake fitar da kuɗi a saya. Shekaru na ƙi sayen injin ban ruwa. Ina jiran aron na maƙwabta, sai sun gama nasu, wani lokaci rana ta riga ta yi wa shukata illa. In aro bai samu ba, in ɗauki bokiti. Ina ta yabon kaina a zuci wai ni mai tattali ne. Wata rana na dawo ko sunkuyawa ba na iya yi, mahaifiyarki tana gasa mini baya da ruwan zafi, ta ce, “Malam, injin nan da ka ƙi saya, ai kana biyansa. Da gadon bayanka kake biya, kuma shi ba a sayar da sabonsa a Bici.” Da na sayi injin, shekarar farko ya nuna mini irin asarar da na daɗe ina yi ina kiranta tanadi.

To haka ta kyautar take, ina tsammani. Ba ta karɓar kuɗi, amma tana karɓar lokacinki da idonki da kwanciyar hankalinki. Kin ce koya mata na neman zama da haƙuri. Ki auna wannan zaman da gaskiya. In yini biyu ko uku ne ki gama ki huta, ki yi, ilimin ma ya zama naki. In kuwa kowane ƙarshen zango sai kin koma gindin darbejiya da turmi, kina barin sabon aikin da zai zo miki a Kano, to ta kuɗin ta fi araha ko da ta fi tsada. Samun wanda za ki kira in abu ya lalace ma ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki ita kaɗai.

Yaya za ki gane wanne ne? Nan ma ba dabarata ba ce, ta Inna ce. Duk sabon irin da ya shigo gidan nan a zamaninta, gero ne, wake ne, gyaɗa ce, ba ta taɓa ƙin sa ba, ba ta kuma taɓa ba shi gona ba. Kunya biyu take ware masa a bakin iyaka, jikin shingen lalle, kafaɗa da kafaɗa da irin gida. Rana ɗaya a shuka su, taki ɗaya, noma ɗaya, kada a fifita baƙo don baƙo ne. Da kaka sai ta sa a ɗaure kowanne daban, ta ɗaga wannan dami ta ɗaga wancan, ta sa a dafa ta ɗanɗana. Wanda ya ci, baɗi a ƙara masa fili. Da na bi wannan hanya, da akuyata ta tsufa a gidan nan.

Kin ce masu manhajar suna ba da ɗan lokacin gwaji kafin a biya. Ga kunyarki biyu nan. Kada ki ɓata gwajin a lokacin hutu, sa’ad da ba mai leƙa shafi sai ke. Ki jira ya faɗo kan ranar sakamako. Ki ɗora makaranta ɗaya a kan ta kuɗin, ki bar wata mai kama da ita a kan ta kyautar, amma bayan kin yi wa ta kyautar duk gyaran da kika iya, don kada ki haɗa ƙosasshe da mayunwaci tsere. Sannan ki ɗaga damin kowacce. Na san kin fi ni sanin yadda ake aunawa, na ga irin layukan nan masu hawa da sauka da kike dubawa.

In gwaji ya nuna a saya, ki sa mayafinki ki je wurin Malam Sunusi da sauran, ki faɗa musu a fili: ga abin da zai hana ƙofa toshewa, ga abin da yake ci a shekara, ga rabon kowa. Na lura kina jin nauyin yi wa manya maganar kuɗi, ni ma haka nake, a nan kam ni kika gado. Amma ki daure. In sun ga ya cancanci su biya, to ya cancanta. In sun ce gara iyaye su yi haƙurin rabin yini sau uku a shekara, to sun ba ki amsa, kuma ba ke za ki ɗauki nauyin da masu shi suka ƙi ɗauka ba.

Saura maganar tunkiya. Alhaji Sale mai sayen dabbobi ya zo da hantsi, ya ce kin bar masa saƙo kafin ki tafi. Har da igiyarsa a kafaɗa. Na kai shi turke. Ita kuwa tun da kika tafi, in an buɗe ƙofar gida sai ta ɗaga kai ta yi kuka, ta ga ba ke ba ce ta koma cin harawarta. Alhaji ya buɗe mata baki, ya shafa gadon bayanta, ya tsuguna ya sa tafin hannu a cikinta, ya daɗe. Ya miƙe yana murmushi.

“Malam Habu, ita injiniyar ta san abin da take sayarwa kuwa? Wannan ai ba ita kaɗai ba ce. In hannuna bai yi mini ƙarya ba, biyu ne a ciki.”

Na ce, “To ka ƙara kuɗi ke nan.”

Ya ce, “Wa? Ni da na yi niyyar in yi shiru in ja abata? Albarkacin marigayiya kawai ya sa na faɗa.”

Mahaifiyarki daga cikin gida ta ce, “Alhaji, ai da ka yi shiru da Inna ta biyo ka har mafarki.” Muka yi dariya, amma ni dariyata ba ta kai ciki ba. Ina tsaye ina kallon igiyar nan, sai na ga kaina ina jan akuyata zuwa kasuwa.

Na ce masa ya koma da igiyarsa tukuna, mai ita ba ta nan, sai na ji daga bakinta. Ban ce masa an fasa ba, don ba ni da wannan ikon. Tunkiyar taki ce, Inna da bakinta ta ce ta takwararta ce, kuma kin kai ki yi hukunci a kan abinki. In kin karanta wannan kin ce a sayar, wallahi da kaina zan kira shi, ba kuma zan ƙara tayar da maganar ba.

Amma ga abin da nake roƙo. Lasisin nan baɗi ma zai dawo, baɗin baɗaɗa ma haka. In kin ba shi uwar a bana, me za ki ba shi baɗi? Ɗan ragon da ta haifa bara yana nan, na ware shi na ɗaure, na fara ba shi dusa da harawar wake. Kafin ki gama gwajinki ya yi ƙiba, kuma lokacin kasuwar raguna ta fara motsi. In gwaji ya ce a saya, makarantu kuma ba su gama haɗa nasu ba, shi zai tafi ya riƙe miki shekarar farko. In gwaji ya ce ta kyautar ta isa, kin samu rago, kin kuma samu ilimin da ba wanda zai ce ki sabunta shi duk shekara. Ta kowace hanya uwar tana turkenta, tana yi miki abin da gwangwanina bai iya ba.

Na sake karanta abin da na rubuta, na ga na cika shi da tumatir da awaki, ga ’yar da take magana da injinan da ke wata ƙasa. Ki yi haƙuri da Babanki, abin da ya sani ke nan. Wanda ya ga yadda kika riƙe kanki ranar sakamako bai kamata ya ji tsoron hukuncinki ba, kuma ba na ji. Ki girmama Gwaggonki ko da ta cika faɗa, ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki riƙa ɗaga ido daga kwamfutar nan kina hutar da shi, kada kuma aiki ya hana ki cin abinci.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da mugun abokin hulɗa, ya sa hannunki ya zama alheri ga duk wanda ya ba ki amanarsa. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta. Amin.

Alhaji Sale zai sake biyowa ta nan ranar kasuwa. Ki bugo kafin nan ki faɗa mini abin da zan gaya masa. Ni dai na riga na share ɗan ɗakin nan na kusa da rumbu, na baza sabon yashi, saboda biyun nan da ke cikinta.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu